Gidan Maƙwabci a Gwanjo

Karatu: Littafin Firistoci 25:13-30; Nehemiya 5:1-16

Wata ranar Laraba, bayan an tashi daga addu'ar yamma, wani ɗan'uwa ya zauna a bencin baya har majami'a ta watse. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya bayan shekara 35 yana koyarwa, mutum mai kamun kai, wanda ba a cika jin muryarsa ba sai wajen karatun nassi. Da na matso, sai ya buɗe Littafinsa ya zaro wani yankin jarida da ya ninke huɗu. Sanarwar gwanjo ce: gida mai ɗaki huɗu da rijiya, a wata unguwa ta kudancin birnin Kaduna, wani banki zai sayar domin mai shi ya kasa biyan bashi.

Ya ce, "Baba Fasto, tun da na yi aure nake biyan haya. Yanzu kuɗin sallamata sun fito, 'ya'yana kuma sun yi mini karo-karo, ga shi an ce gidan gwanjo bai kai na kasuwa tsada ba. Jiya na je in ga wurin. Na zaci kango zan tarar. Sai na iske mace tana shanya rigunan makaranta na yara, ga wata tsohuwa a gindin mangwaro tana tsince shinkafa. Ko sallama ban iya yi ba, na juyo. Daren jiya ban runtsa ba. Ka gaya mini gaskiya, in na sayi gidan nan, na yi zunubi?"

Ban ba shi amsa a ranar ba, gama ba ni da ita. Na roƙe shi ya ba ni mako guda in yi addu'a, in bincika nassi, in kuma tambayi wata 'yar'uwa lauya yadda abin yake a doka. Abin da na samu shi nake so in raba da ku, domin tambayar Malam ta shafi kowane mai bi da ya taɓa ganin garaɓasa a cikin masifar wani.

Yadda gida ke kaiwa gwanjo

A ƙasarmu hanyoyi uku ne suka fi kai gida ko fili ga gwanjo. Ta fari ita ce jingina: mutum ya karɓi rance a banki ya ajiye takardun gidansa, in ya gaza biya sai bankin ya sayar ya cire haƙƙinsa. Ta biyu ita ce hukuncin kotu: an yanke wa mutum ya biya bashi bai biya ba, sai a fara da kayansa na ɗauka kamar mota da kayan ɗaki, in ba su isa ba a nemi izinin kotu a kai ga gida ko fili. Ta uku ita ce dukiyar da ta koma hannun hukuma, kamar wadda kotu ta ƙwace daga masu almundahana ta miƙa wa gwamnati, ko wadda ke hannun AMCON, hukumar da gwamnatin tarayya ta kafa a 2010 don ta karɓi basussukan da suka maƙale wa bankuna.

Akwai ƙa'ida guda da mutane da yawa ba su sani ba, a kanta kuwa rabin maganarmu ta rataya. Idan aka sayar da gidan jingina, mai bin bashi ba shi da iko a kan dukan kuɗin. Zai cire bashinsa da ruwan da ya hau da kuɗin hidimar sayarwa, abin da ya rage kuma na mai gida ne. Ashe duk nairar da aka ƙara a wurin tayi bayan bashi ya cika, aljihun wanda ya rasa gidansa take shiga.

Amsar tausayi

Amsar da ta fara zo mini ita ce in ce wa Malam ya wanke hannunsa, mai bi ba ya cin kasuwar hawaye. Amsa ce mai daɗin faɗi, amma da na auna ta sai na ga ba ta taimaki matar da ke shanya ba.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki bashi abin wasa ba. Sa'ad da gwauruwar nan ta kawo kuka wurin annabi Elisha cewa mai bin mijinta bashi yana zuwa ya kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi, annabin bai ce mata ta manta da bashin ba. Allah ya yalwata ɗan man da ke gidanta, Elisha ya umarce ta ta sayar ta biya, ita da 'ya'yanta su rayu da sauran (2 Sarakuna 4). Kuɗin da banki ya ranta ma ajiyar mutane ce, har da ta matan zumunta da ke tara ribar ƙosai da kunu. Mai neman haƙƙinsa ta hanyar da doka ta shimfiɗa bai yi laifi ba.

Sa'an nan mu yi lissafi. Dillalan unguwar sun ƙiyasta gidan a kan naira miliyan 20, bashin kuwa miliyan 8 ne. In dukan masu tsoron Allah suka ƙaurace wa gwanjon, ba za a fasa shi ba. Waɗanda za su rage su ne waɗanda wannan ita ce sana'arsu, su saye shi miliyan 9, a cire bashi da hidima, mai gida ya fita da buhunan tufafinsa kawai. In kuwa masu gaskiya suka je suka taya da gaske har farashi ya kai miliyan 16 ko 17, mutumin zai fita da abin da zai sayi ɗan fili ya sake kafa iyalinsa. Wanda ya zauna a gida don kada hannunsa ya ɓaci ya huta wa lamirinsa, amma maƙwabcinsa ne ya biya kuɗin hutun.

Amsar kasuwa

Amsa ta biyu ita ce wadda za ka ji a bakin dillalai: doka ta yarda, ba kai ka ci masa bashi ba, faɗuwar wani tashin wani. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta kai inda Allah yake dubawa ba.

Ku tuna da gonar inabin Nabot a Yezreyel (1 Sarakuna 21). Sarki Ahab ya fara da tayi mai kyau, wata gonar da ta fi ta ko kuwa kuɗinta. Da Nabot ya ƙi sayar da gādon kakanninsa, Yezebel ba ta aika sojoji da dare ba. Ta rubuta wasiƙu da sunan sarki ta buga hatiminsa, aka yi shelar azumi, aka tara dattawan gari, aka kawo shaidu biyu kamar yadda shari'a ta nema, aka yanke hukunci. Wanda ya duba takarda kawai zai ce komai ya bi ƙa'ida. Duk da haka, a ranar da Ahab ya gangara ya karɓi gonar, a cikinta annabi Iliya ya same shi da hukuncin Ubangiji. Hatimi da shaidu suna iya tabbatar wa mutane cewa abu naka ne, amma ba su rufe wa Allah ido a kan yadda ya zama naka.

Ba kowane mai zuwa gwanjo ne Ahab ba, amma ƙananan ayyukan Yezebel suna nan da rai. Akwai masu haɗa baki tun kafin ranar, su ce kada wani ya tayar wa wani farashi, ɗaya ya saya da araha sa'an nan ya sallami sauran. Akwai masu baza jita-jita cewa gidan yana da aljanu ko rikicin gādo, don masu saye su tsorata. Akwai masu ba da cin hanci a ɓoye sanarwa, ko a sauya lokaci ba tare da an gaya wa kowa ba. Littafin Karin Magana ya daɗe da zana hoton irin wannan mai saye, wanda ke kushe kaya a gaban mai shi, in ya ba da baya kuma ya shiga fahariya da arahar da ya samu (20:14). Akwai kuma wanda ya fi su duka ɓoyuwa: mutumin da maƙwabcinsa ya zo neman rancen da zai cece shi, yana da hali, amma ya hana, domin tun tuni idonsa yana kan gidan.

Tazarar da ke tsakanin darajar gida da kuɗin da aka saye shi ba tsuntsu ba ce daga sama gasasshe. Daga aljihun wani ta fito. Wani ɓangare nata halal ne, gama mai saye a gwanjo yana biya nan take, yana ɗaukar kasadar shari'a da gyara, kuma daidai ne farashi ya nuna haka. Amma duk abin da ya sauko saboda dabarar da ka ƙulla, sata ce da aka sa wa hatimi.

Ƙasa ta Ubangiji ce

A Littafin Firistoci sura 25 Allah ya ba Isra'ilawa dokar sayen ƙasa, ya kuma kafa ta a kan harsashi guda: ƙasa tasa ce, su baƙi ne masu zama a wurinsa. Saboda haka ba a sayar da gona har abada. A shekara ta 50, shekarar murna, kowa yakan koma kan gādonsa. Farashi kuma ba a ɗora shi a kan matsuwar mai sayarwa, sai a kan yawan girbin da ya rage kafin wannan shekara. Sau biyu a cikin 'yan ayoyi aka gargaɗe su kada mai saye da mai sayarwa su cuci juna. In talauci ya sa mutum ya sayar, danginsa na kusa yana da haƙƙin zuwa ya fanso.

Abin lura shi ne, dokar ta bambanta gona da gidan da ke cikin birni mai garu. Irin wannan gida ana iya sayar da shi ya zama na mai saye har abada, amma sai bayan shekara guda cif wadda a cikinta mai shi yake da damar fansarsa. Wato Allah bai haramta gida ya sauya hannu ba, ya dai hana a rufe ƙofa da gaggawa a fuskar wanda ya faɗi.

Mu ba Isra'ila ba ne, kotunanmu kuma ba sa aiki da shekarar murna. Amma abin mamaki, ko dokar ƙasarmu tana tuna mana cewa mu baƙi ne. Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, takardar da muke alfahari da ita kuwa ta izinin zama ce, galibi na shekara 99. Wanda ya san cewa shi ɗan haya ne a gaban gwamnati, ɗan haya ne kuma a gaban Allah, zai sassauta hannu sa'ad da yake karɓar makulli daga wani ɗan haya irinsa. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa.

In gidan ɗan'uwa ne

Maganar tana ƙara nauyi in mai gidan ɗan ikkilisiya ne. A zamanin Nehemiya, ana tsakiyar ginin garun Urushalima, talakawa suka ta da kuka cewa sun jinginar da gonakinsu da gidajensu don su sami hatsi a lokacin yunwa, waɗansu kuma don su biya harajin sarki, har 'ya'yansu sun fara shiga bauta a hannun 'yan'uwansu Yahudawa. Nehemiya ya husata ƙwarai, ya tara babban taro, ya sa manya suka yi rantsuwa za su mayar da gonaki da gidaje. A ƙarshen labarin ya faɗi wani abu game da kansa da ya kamata kowane shugaba ya riƙe: ya yi shekara 12 yana gwamna, amma shi da mutanensa ba su sayi gona ko ɗaya ba.

Fasto, ko dattijo, ko ma'aji, ko shugabar zumuntar mata da ta san matsalar wani gida ta wurin roƙon addu'a, kada ta mai da abin da ta ji a asirce ya zama labarin kasuwa. Wanda aka gaya wa ciwo don ya yi addu'a ba shi da wuri a layin masu taya gidan. Ranar da gidan ɗan ikkilisiya ya fito a jarida kuwa, ranar tambayar kanmu ce: ina muke sa'ad da bashin yake ƙarami? Sau da yawa kunya ce take sa mutum ya ɓoye har ruwa ya ƙare wa ɗan kada, kunyar kuwa mu muka koya masa da irin kallon da muke yi wa wanda ya karye. A ƙofar Baitalami, dangin Na'omi na kusa ya yarda ya fanshi gonar Elimelek, sai da ya ji cewa akwai gwauruwa Rut a cikin cinikin ya janye. Bo'aza ne ya karɓi gonar tare da mutanen da ke rataye da ita (Rut 4). Ikkilisiya dangi ce, aikinta na fari fansa ne.

Mun ma san wani irin gwanjo da kyau. Kowace kaka, bayan sujadar godiya, akan fito da doya da masara da kaji a harabar majami'a a yi gwanjonsu. A nan za ka ga mutum ya sayi zakara ninki biyar na kuɗinsa yana dariya, domin ya san inda kuɗin za su tafi. Ban ce mu sayi gidaje ninki biyar ba. Ina cewa hannun da yake ɗagawa da murna a harabar majami'a shi ne dai zai ɗaga a wurin gwanjon banki, kuma a wuraren biyu mai shi ya san inda kuɗin za su tafi.

Abin da na gaya wa Malam

Da mako ya zagayo na ce masa, "Malam, sayen gida a gwanjo ba zunubi ba ne. Ka je, amma ka je da abu huɗu."

Na fari, ka bincika. Annabi Irmiya, yana tsare, sojojin Babila kuma sun kewaye Urushalima, ya sayi gona a Anatot daga hannun Hanamel ɗan kawunsa a kan shekel 17 na azurfa. Duk da wannan hali sai da ya auna kuɗin a ma'auni, ya sa hannu a gaban shaidu, ya ba Baruk takardun ya adana a cikin tukunyar ƙasa (Irmiya 32). Kai ma ka ɗauki lauya ya duba rajistar filaye a ma'aikatar ƙasa, ya ga takardar jingina ko umarnin kotu da idonsa, ya tabbatar mai gwanjon yana da lasisi kuma babu shari'ar da ke gudana a kan gidan. Ka sani mallaka ba ta kammala sai da amincewar gwamna. In kotu ce ta sa aka sayar, doka ta ba da kwana 21 wanda mai ƙorafi a kan yadda aka yi cinikin zai iya neman a soke shi. Wannan bincike yana kāre kuɗinka, yana kuma kāre ka daga sayen gādon marayu da wani ya jinginar ba da saninsu ba.

Na biyu, ka nemi mai gidan ka gaishe shi, ka ji ko akwai sauran hanyar da zai tsira da gidansa. In akwai, kada ka zama mai toshe ta.

Na uku, ka tsai da iyakar abin da za ka iya biya tun daga gida, a gaban Allah da matarka. Ka taya da gaskiya, kada ka shiga haɗin baki, kada kuma zafin tsere ya sa ka wuce ƙarfinka har kai ma ka faɗa ramin bashi.

Na huɗu, in ciniki ya faɗa a hannunka, ka ba su lokacin tattara kayansu cikin mutunci. Shari'ar Musa ta hana mai bin bashi ya kutsa cikin gidan mutum don ɗaukar jingina, sai dai ya tsaya a waje a kawo masa (Maimaitawar Shari'a 24:10-11). Kada ka je da 'yan daba, kada ka cire rufi a kan yara.

Malam ya bi shawarar. Ya sami mai gidan, ɗan kasuwa ne da gobara ta cinye shagonsa, kuma babu sauran hanyar biya. Ana jibi gwanjo wasu mutum uku suka same shi a gida, suka ce, "Baba, ka bar mana mu ɗauka a miliyan 9, mu ba ka naira dubu 500 ka sha ruwa." Ya ce musu ya gode, shi gida yake nema. Ranar gwanjo ya taya har miliyan 15, iyakar abin da ke hannunsa. Ɗaya daga cikin mutanen nan ya ce 16, aka buga guduma.

Malam ya koma gidansa na haya, har yau kuma yana can yana neman wani. Ban ɓoye muku ba, abin ya yi masa ciwo, matarsa ma ta yi kuka. Amma bayan wata uku mai tsohon gidan ya zo har ƙofarsa da 'yar jakar shinkafa. Ya ce bayan an cire bashi da hidima an ba shi abin da ya isa ya sayi fili a bayan gari, ya kuma fara ɗora bulo. Ya ce da an sayar yadda aka shirya, da bai san inda zai kai tsohuwarsa ba.

'Yan'uwana, mu ma an taɓa bin mu bashin da ya fi ƙarfinmu. Manzo Bitrus ya tuna mana cewa abin da aka fanshe mu da shi ya fi azurfa da zinariya, jinin Almasihu ne (1 Bitrus 1:18-19). Mai Fansarmu bai jira farashinmu ya faɗi ba, bai kuma nemi ragi ba. Wanda aka saya haka, in ya tsaya a wurin da ake taya gidan maƙwabcinsa, ya kamata a gane ko na wane ne shi.

Don tunani

1. Akwai abin da na mallaka wanda araharsa ta fito daga matsuwar wani? Me Ubangiji yake so in yi a kai?
2. Akwai wanda ya nemi taimakona na hana domin ina hangen abin da zan samu in ya faɗi?
3. In bashi ya kama ɗan ikkilisiyarmu yau, wa zai iya gaya wa ba tare da jin kunya ba?

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, ƙasa taka ce da dukan abin da ke cikinta, mu kuwa baƙi ne a wurinka. Ka tsare zukatanmu daga ƙyashin gidan maƙwabci. Ka ba marasa muhalli a cikinmu wurin sa kai ta hanyar da za su yi barci da salama. Ka ta'azantar da waɗanda bashi ya raba da gidajensu, ka kuma buɗe idon ikkilisiyarka ta gan su tun da sauran lokaci. A cikin sunan Yesu Almasihu Mai Fansarmu. Amin.